Kada ka zuba garin enzayim a tankin nan

Yarona, kan tambayarka ko mu sayi garin enzayim ɗin da ake tallarsa mu riƙa zubawa a tankin biyogas na gidan abincin nan, wato tankin da ragowar abinci ke ruɓewa a ciki ya ba da gas na girki, don gas ya ƙaru, toh a wannan tankin dai a'a, kada ka zuba.

Aikin enzayim shi ne ya farfasa abinci yadda ƙwayoyin bakteriya za su iya ci, akwai na sitaci, akwai na maiƙo, akwai na nama da wake. Ka ga yadda mata ke sa ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron dawa a kunun zaƙi sai ka ga ya tsinke ya yi zaƙi? Na sitacin ne ke wannan aikin.

Amma fa ragowar shinkafa da tuwo da taliya dama can saurin narkewa gare su, kuma ƙwayoyin da ke mai da su tsami hanzari gare su, su kuwa masu yin iskar mitan ɗin da ke kama wuta, wadda ita ce kashi 50 zuwa 70 na gas ɗin, nawa gare su sosai, to in ka ƙara enzayim sai tsamin ya taru ya fi ƙarfinsu, pH, wato ma'aunin tsami da ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 6.5 su daina aiki. Za ka ga gas na fitowa amma ka kunna ashana ya ƙi kamawa, ga warin tsami, mai gidan abinci ya yi ta kiranka a waya.

Inda garin enzayim yake ɗan amfani shi ne abu mai zare kamar karan masara da ciyawa, can ma ni ba na ɓata kuɗi, kayan cikin tumbin saniya da ake zubarwa a kwata suna da ƙwayoyin da ke yin enzayim ɗin da kansu, kyauta.

Kai dai ka niƙa abincin, ka dama da ruwa daidai yawansa, ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan kullum, ba a juye bokiti biyar rana ɗaya ba. Ka tsince ƙashi da leda, ruwan omo kada ya shiga. Tankin yana son zafi wajen digiri 35 zuwa 37, don haka da hunturu ka rage abincin ka lulluɓe tankin.

In ya riga ya yi tsami ka tsai da abincin 'yan kwanaki, ka ƙara ɗanyen kashin shanu da ɗan ruwan toka. Gobe ka zo da takardar gwajin pH mu duba tankin gidan abincin kafin ka taɓa komai.