Tambaya da Amsa: Kalma ɗaya na kwance mini lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12. Hayaniya ba ta hana ni ƙirga kuɗi, amma da zarar na ji "ɓarawo" ko "gobara", ko daga nesa ne, sai lissafi ya kwance mini. Ciwo ne? Daga mai karatu a Ketu, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ciwo ba ne. Ƙwaƙwalwa tana tace abin da kunne ya kwaso, amma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya. A 1959, Neville Moray a Ingila ya sa wa mutane magana daban-daban a kunnuwansu biyu, ya ce su bi ɗaya kawai. Kusan mutum ɗaya cikin uku ya ji sunansa a kunnen da ya yi watsi da shi.

Can cikin kai, hagu da dama, akwai wani sashe mai suna amigdala, girmansa kamar ƙwallon dabino, wanda ke saurin gano abin tsoro. Awon ƙwaƙwalwa ya nuna kalma mai tayar da hankali tana fita daban cikin kusan kwatan daƙiƙa, tun kafin ka yi niyyar saurare. Daga nan, na kusan rabin daƙiƙa, abin da ke gabanka zai iya wuce ka. Adadin da kake riƙewa a ka kuwa, sashen gaban ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da shi, kuma ba ya ɗaukar abubuwa da yawa lokaci guda, shi ya sa yake zubewa.

Ka riƙa ƙirgawa goma-goma, kana naɗe kowane ɗauri kana ajiyewa, don idan hankali ya tafi ɗauri ɗaya kawai za ka maimaita. In ka ji ihu, damƙe kuɗin, ka duba, ka ja numfashi, sannan ka ba da canji. Masu damfara sun san sarai yadda kalma mai tayar da hankali ke ɗauke hankalin mutum, shi ya sa saƙonsu ke farawa da "an rufe asusunka".

Barci ma na da hannu, musamman ga masu sauke kaya cikin dare. Wani bincike a Amurka a 2007 ya gano amigdalar waɗanda suka kwana ba barci ta fi zabura da kusan kashi 60 cikin 100.

Amma idan ka taɓa shiga gobara ko tarzoma, kuma faɗuwar gaba da mugun mafarki suka wuce wata guda, don Allah ka ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba irin wannan.