Ku Tambayi Anti: Ƙanena na Ingila amma fam 150 kacal yake aiko wa Inna

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni uku na ɗauko wannan karon kuma duka kan 'yan uwanmu da ke zaune ƙasashen waje ne ko masu son tafiya can. Na farkon ya taɓa ni sosai dan haka kuyi haƙuri zan ɗan ja shi.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ce babba gidanmu, muna zaune Mabera nan Sakkwato. Ƙanena yat tahi Ingila tun 2023 da matatai da ɗiya biyu, shina aikin kula da tsohhi a Birmingham. Lokacin tahiyar har filin Baba da munka gada anka saida anka haɗa mishi kuɗɗin jirgi. To Anti yanzu abin da ka damuna, duk wata fam 150 shika aikowa, wani watan ma 100, ga Inna da hawan jini da suga kullum muna hanyar asibiti. In na yi magana sai shi ce kuɗɗin haya kaɗai fam 950 ne. Dangi sun sa ni gaba, wasu na cewa matar ce tam mallake shi, wasu sun ce ya manta da gida tunda ga hotonai nan cikin rigunan sanyi masu tsada. In na kira bai ɗauka sai bayan kwana biyu shi turo murya shi ce barci yakai. Ni ban son in zarge shi amma raina ya fara ɓaci. Mi za ni yi?
Daga wata 'yar uwa, Mabera.

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri da ɗawainiyar da kike, dan na san mai jinya shi ke kwana da ido biyu. Ni na zauna Bradford shekara huɗu lokacin maigidana na karatu, daga 2015 zuwa 2019, kuma irin aikin nan na ƙaninki da hannuna na yi shi, dan haka bari in zauna dake mu yi lissafi kamar yadda muke yi a kasuwa.

Mu nan da mun ji fam sai mu buga ta da wajen naira dubu biyu, kai ya ɗau zafi. Toh a Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi a can fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, kuma masu aikin kula da tsofaffi kusan nan suke, ba su yi nisa da shi ba. In mutum ya yi awa 37 da rabi a sati zai tashi da wajen fam 23,800 a shekara. Kafin ya ga ko sisi gwamnati ta zare nata, kashi 20 cikin ɗari na duk abinda ya haura fam 12,570, sannan wani kashi 8 na inshorar ƙasa. Abinda zai shigo akawun ɗinsa a wata bai wuce 1,700 da 'yan kai ba. Ki cire 950 na haya ɗin da ya faɗa miki, kuma wallahi ban ga ƙarya a wannan kuɗin ba ga mai iyali a Birmingham. Saura me? Akwai harajin kansil da kowane gida ke biya duk wata ko naka ne ko haya kake, ga wuta, ga gas, ga ruwa, ga kuɗin waya da intanet, ga motar zuwa aiki, kuma ba a zo maganar cefane ba tukuna. Bizarsa kuma a rubuce take ƙarara cewa ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati, wanda ɗan ƙasa mai irin albashinsa zai iya nema shi ba shi da wannan ƙofar.

Rigar sanyin da dangi ke gani a hoto, ƙanwata wannan rigar ceton rai ce. Mu da muka saba da zafin Afrilu a Sakkwato, digiri 40 da ɗoriya, hunturun can wani abu ne daban da sanyin Disamban mu. Gidan da muka zauna mitar gas ɗin ta kati ce, kina sa fam 10 kina kallon lambar tana sauka kamar ana zuƙe ta, sai na kunna hita awa ɗaya da asuba yara su shirya makaranta in kashe, mu wuni cikin ɗaki da riga uku da safa biyu, jikin taga duk ya yi raɓa har bango ya yi baƙi. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, ki fita aiki cikin duhu ki dawo cikin duhu, azahar da la'asar da magariba duk su same ki a shif ɗaya kina neman lungun da zaki shimfiɗa ɗankwali. Azumin 2016 kuwa da ya faɗo a Yuni sai kusan goma saura na dare muke shan ruwa.

Shi kansa aikin ba a cika faɗa wa na gida yadda yake ba saboda kunya. Wanka zaka yi wa tsoho, ka canza masa ƙunzugu, ka ɗaga shi ka juya shi, ka ba shi abinci a baki, wani ya ruɗe da tsufa ya zage ka ko ya kai maka duka kuma dole ka yi murmushi ka rubuta rahoto. Shif ɗaya awa 12. Aiki ne na lada in an yi da zuciya ɗaya amma yana cin baya yana cin ƙafa. Kuma tunda suna da yara ƙanana, can babu kaka babu maƙwabciya da zaki miƙa wa yaro ta katanga, kuɗin reno kuwa zai iya cinye albashin mutum guda, in kuma aka bar yara su kaɗai maƙwabta suka kira hukuma ana iya shiga babbar matsala har ta kai ga karɓe su. Shi yasa zaki ga miji na dare mata na rana, a bakin ƙofa suke haɗuwa wannan na shiga wannan na fita. Dan haka in ya ce miki barci yake, ni dai na yarda barcin yake. Matar nan da ake zagi mai yiwuwa da guminta a cikin 150 ɗin da ke zuwa wa Inna.

Akwai kuma abinda ke hana su barci wanda ba ya fitowa a hoto, wato takarda. Bizarsa a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke shi, in suka rabu ko gwamnati ta ƙwace lasin kamfanin, kwana 60 aka saba ba mutum ya samo wani ko ya tattara. Sabunta biza kowane kai sai an biya masa har jariri. Takardar zama ta dindindin kuma a 2025 ta haura fam 3,000 kowane mutum ɗaya, su huɗu ne kinga lissafin, kuma a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin maida jiran daga shekara 5 zuwa 10. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka ban wanke shi tas ba. Filin gado aka saida dan shi, kuma uwa uwa ce, haƙƙinta na kansa ko a ina yake. Laifinsa a wurina shi ne shirun, ya bar ki ke kaɗai da bakin dangi. Abinda zan ce ki yi, ki tura masa saƙo ki tambaye shi ranar da ba shi da aiki, ku yi waya ku biyu kawai ba a gurup ɗin gida ba. Ki fara da tambayar lafiyarsa da ta matarsa kafin komai. Sannan ki karanto masa kuɗin maganin Inna na wata a rubuce, na hawan jini kaza, na suga kaza, gwaji kaza, ki ce wannan kaɗai nake so ka ɗauke a tsaye duk wata ko ana ha maza ha mata. Sauran buƙatu na biki da suna da gudunmawa ki tare masa su, kar kowa ya riƙa bin sa ta bayan fage da dan Allah a taimaka. Ku yi maganar filin ma a fili, rabon sauran magada bashi ne a kansa, a rubuta a sa shaidu ko da kaɗan kaɗan zai biya. Kuma ki roƙe shi ko minti biyar ne ya riƙa kiran Inna ta bidiyo duk Juma'a ta ga jikokinta, tsofaffin nan sau da yawa muryar suke nema.

TAMBAYA: Hajiya ina wuni. Ni matashi ne daga Gwadabawa, na gama digiri shekara huɗu ba aiki, albasa nike nomawa tare da Baba. Wani ejan da munka haɗu a Facebook ya ce zai samo min takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila kan naira miliyan 12, in ba da rabi yanzu rabi in biza ta fito. Har hoton takardun waɗanda ya yi ma ya turo min. Baba ya yarda a jinginar da fadamarmu. In shiga?

AMSA: Ɗana kar ka shiga, kuma dan girman Allah ka je ka faɗa wa Baba yau ɗin nan kafin a kira shaidu. Tun ranar 22 ga Yulin 2025 Ingila ta rufe ɗauko sababbin masu wannan aikin daga ƙasashen waje, dama tun 11 ga Maris 2024 an hana su zuwa da iyali. To wace takarda zai saida maka? Ko lokacin da ƙofar ke buɗe, takardar ɗaukar nauyin nan da suke ce wa CoS kamfani ne ke bayarwa ga wanda ya ɗauka aiki, doka bata yarda a saida ta ba. Mutane da yawa daga Najeriya sun biya miliyoyi sun sauka can suka tarar kamfanin suna ne kawai, ko a ba su awa goma a sati, ga haya ga bashi a gida ga kunyar dawowa, wasu a ɗakin abokai suke kwana a ƙasa. Hoton takarda kuwa yaro mai waya ma zai haɗa maka shi. Gwamnatinsu na da jerin kamfanonin da ke da lasin ɗaukar baƙi a shafinta na intanet kyauta kowa zai iya dubawa, kuma ko ka ga sunan kamfani a ciki ba shi ke nuna ejan ɗinka daga wurinsu yake ba.

Na san zafin shekara huɗu a gida da kwali a akwati, ban raina ba. In fitar kake so da gaske akwai hanyoyin da ba sa cin gona, suna dai cin lokaci. Akwai tallafin karatu na Chevening da na Commonwealth, akwai na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, nan gida ga waɗanda karatunsu ya shafi fannin, duk ba a biyan ko kwabo wajen nema. Wanda ya tafi karatu da kuɗinsa kuma ya sani awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin zango, ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara da ake biya tun wajen neman biza, kuma tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa zuwa da mata da yara. Sannan tunda kana kusa da Illela na san za a zo maka da ɗaya maganar, ta Ƙwanni zuwa Agadas zuwa Libiya. Wannan ko da wasa kar ka saurara, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Fadamar nan da ke ba ku albasa duk rani in ta fita hannu da wuya ta dawo, in har Baba ya yarda ya taɓa dukiya saboda kai gara a gina rumbun ajiya mai kyau ku riƙe albasar zuwa lokacin da take tsada.

TAMBAYA: Anti ɗiyata na aure Manchester, wani maƙwabcinmu zai tahi wata mai zuwa ina son in ba shi tsaraba, kilishi da dambun nama da man shanu da su kuka. Za su bari a shiga da su? Daga wata uwa, Runjin Sambo.

AMSA: Mama Allah ya bar zumunci. Kilishi da dambun nama da man shanu ki cire su, dokar can ta hana matafiyi daga irin ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara komai bushewarsu, in aka gani a filin jirgi za a karɓe kuma bawan Allahn nan zai iya shan tara a banza. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin kunu da zoɓo kuwa na sha tafiya da su. Ki tabbatar sun bushe ƙayau, ki daka wanda ake dakawa, ki zuba kowanne a leda mai haske a rubuta sunansa da Turanci a jiki saboda in an buɗe jaka kar ya tsaya inda inda. Daddawar ki ninka mata leda uku ki sa a roba mai murfi in ba haka ba duk kayansa sai sun ɗauka. Kuma ki ƙulla komai a gabansa ya gani da idonsa, dan shi za a tambaya ko shi ya haɗa jakarsa. Nama kam akwai shagunan halal birjik a Manchester, in kin sa mata kayan haɗin kilishin da ƙuli zata iya yin abinta a oben.