Amsar tambayarka kan gasar da aka sa wa sunan mamaci

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce ka kalli gasar gudu ta ƙasar Hungary da ake kira Gyulai István Memorial, kana tambaya ko al'adar Turawa ce a yi wa mamaci tsere, kuma ko wani irin sadakar arba'in ce tasu. To, ba sadaka ba ce, ba kuma addu'a ake taruwa yi ba. Gasa ce sak, ana sayar da tikiti, ana biyan 'yan gudu kuɗi. Sunan kawai aka ɗora don kada a manta da mutumin.

Al'adar ta daɗe a wurin masu guje-guje da tsalle-tsalle. A Beljiyam akwai gasar Van Damme a birnin Brussels, wadda aka fara a 1977 bayan hatsarin mota ya kashe Ivo Van Damme a 1976, watanni kaɗan da dawowarsa daga Olamfik na Montreal da lambobin azurfa biyu. A Amurka akwai ta Prefontaine, shi ma saurayi ne da mota ta yi ajalinsa a 1975. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ai ka san kofin Ramat da yara ke bugawa a Kano don tunawa da Janar Murtala.

Amma shi Gyulai labarinsa daban ne, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Van Damme da Prefontaine ƙafarsu ce ta jawo musu suna. Shi kuwa an haife shi a Budapest a 1943, ya yi gudun gajeren zango, ya ci gasar ƙasarsu sau da dama, ya je Olamfik na Tokyo a 1964 ya dawo babu lamba. A gida gwani ne, a duniya yana cikin tsaka-tsaki. Da a gudu kaɗai ya tsaya, da wuya kai da ke nan ka taɓa jin sunansa.

Da ya rataye takalmi sai ya shiga gidan talabijin na ƙasar yana sharhin wasanni, har mutanen Hungary suka fi sanin muryarsa fiye da gudunsa. A 1991 aka naɗa shi babban sakataren hukumar guje-guje ta duniya, IAAF a lokacin, wadda tun 2019 ake ce wa World Athletics. Ya riƙe kujerar har rasuwarsa a Monako a watan Maris na 2006. Ya yi aiki ƙarƙashin Primo Nebiolo ɗan Italiya, sannan Lamine Diack ɗan Senegal, kuma a zamaninsa ne hedikwatar ta tashi daga Landan ta koma Monako.

Kada ka raina aikin sakatare. Shugaba shi ke rataya wa zakara lamba a gaban kyamara, amma tsara taro, amsa wasiƙun ƙasashe kusan 200, sasanta masu talabijin da masu shirya gasa, duk a teburin sakatare suke kwana. Kamar uwar biki ce, tana can bayan gida wajen tukwane, ba ta fitowa a hoto. Wanda ya taɓa durƙusawa a layin farawa yana jiran ƙarar bindiga ya san abin da jinkirin minti biyar ke yi wa cinyar ɗan gudu, shi ya sa ni dai na fi yarda da tsohon ɗan wasa a irin wannan kujera fiye da ɗan siyasar da aka yi wa alfarma.

An fara gasar tunawa da shi a Budapest a 2011, daga baya aka yi shekaru ana yin ta a garin Székesfehérvár. Ɗansa Miklós, wanda shi ma ya yi gudu, ya shugabanci hukumar guje-guje ta Hungary, kuma Budapest ta karɓi gasar duniya a watan Agusta na 2023. Wasu za su ce gado ne aka yi wa kujera, kuma ba zan ce tambayarsu ba ta da tushe ba, sai dai yaron a filin ya tashi, ba daga sama aka jefo shi ba.

Ka lura kuma, su mutanen Hungary sunan dangi suke fara kira, don haka Gyulai sunan gidansu ne, István nasa. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda.

Baffanka