Amsa: Me ya sa ba a wanke kayan 'yan wasan kwaikwayo a gidan tarihi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ba a wanke irin kwat ɗin kamfanin tufafi na Belstaff da ɗan wasan kwaikwayo Benedict Cumberbatch ya sa a shirin Sherlock na BBC, wanda aka nuna a Gidan Tarihin Landan a 2014, da dalilin ajiye shi cikin duhu-duhu.

Da gangan ne. Shafar kwalliya a wuya da gogewar gwiwar hannu shaida ce cewa an yi aiki da rigar, wanki kuwa zai goge su, ya kuma sa ulu ya tsuke. Ƙura kaɗai ake cirewa, da injin zuƙa mara ƙarfi, a shimfiɗa raga a kan yadin kada zare ya tashi.

Babban abokin gaba shi ne asu, kuma tsutsarsa ce ke cin ulu, musamman inda gumi ya taɓa. Ana rufe rigar cikin leda, a sa ta a firiza mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili na kwana 3, sannan a bar ta sanyin ya sake ta kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta jiƙa ta.

Haske kada ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), domin launin da ya koɗe ba ya dawowa. Danshin iska kuma tsakanin kashi 45 zuwa 55. In ya haura 65, funfuna ta kama. Kwat mai nauyi ba a barinsa kan maratayin waya, kafaɗa za ta lalace. A kwantar da shi a akwati, a cusa takarda marar asid a hannuwa da duk wurin ninki.