Ciro haruffan ƙarshe na rubutu a R

Malam, tambayarka ita ce yadda za ka ciro haruffa uku na ƙarshe daga lambar gida irin "MRA-047" a R, wato harshen kwamfuta na sarrafa bayanai. Rubuta substr(x, nchar(x)-2, nchar(x)), inda x ke wakiltar lambar gidan. Idan kuma kana da stringr, wato ƙarin kayan aikin sarrafa rubutu na R, str_sub(x, -3) ya wadatar, domin lamba mai alamar ragi daga ƙarshe take fara ƙirge.

Sai dai ka fara tsabtace bayanan da trimws(), wanda ke cire gurbin da ke farko da ƙarshen rubutu. Lokacin da nake haɗa bayanan wani bincike a Marwa, waɗanda aka shigar a Excel, wasu lambobin sun zo da gurbi a bayansu wanda ido ba ya gani, sai na riƙa samun "47 " maimakon "047", kuma sai da na kwana biyu kafin na gano dalilin da ya sa gidaje suke ɓacewa wajen haɗa teburan.