Hoton Tsofaffin Motocin Ƙauye: Ina Kuɗin Yake?

Wani ɗan'uwa mai fataucin hatsi ya rubuto cewa duk ƙauyen da ya shiga cin kasuwa, in ya ga tsohuwar mota ko tantan da aka jingine, sai ya ɗauke ta hoto da waya. Yana tambaya ko ya yanki wani abu daga jarinsa ya sayi kyamara, ya riƙa sayar da hotunan a intanet.

Malam, kada ka taɓa jarin hatsi tukuna. A shafukan sayar da hoto irin su Shutterstock, sau da yawa abin da mai hoto yake samu in an saya sau ɗaya bai wuce santi 10 na dalar Amurka ba. Hoton da tambarin kamfani ya fito a ciki kuma ba a karɓarsa don talla, sai don labarai. Kafin kyamara ta dawo da kuɗinta ta nan, za a sha damina da yawa.

Kuɗin yana wajen masu neman kayan gyara. Tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, Steyr kuma ta yi tantan da manyan motoci a Bauchi. Har yau wasunsu suna bisa hanya, masu su na ta yawo tsakanin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suna neman giyabos ko lagireto na asali. Kai kuwa kana wuce irinsu da aka jingine a gindin kuka, kaji na ƙwai a cikinsu. Ni a ganina sana'arka ta biyu dillanci ce, hoton shi ne shaidarka.

Don haka salon ɗaukar zai canza. Bakanike ba ruwansa da kyan tsatsa. Ka tafi da tsumma da ɗan kananzir, ka goge farantin da ke ɗauke da lambar inji har ta karantu, ka ɗauka daf da ita. In akwai tsagewa a jikin ƙarfen, ka ajiye kwalin ashana kusa da ita don mai saye ya ga girmanta. Kada ka ɓoye aibi. Kayan da aka dawo da su daga Kano sun cinye ribar tafiya biyu.

Ka nemi izini kafin ka ɗauka. Yawancin motocin nan kayan gado ne, sai ka bi ta wajen mai unguwa ka san magadan, ka tabbata bakinsu ɗaya. Harabar ma'aikatar gwamnati da ta 'yan sanda, ka bar su. Ka nuna wa magadan cewa 'yan gwangwan a kilo za su auna musu, alhali giyabos mai lafiya kuɗinsa daban ne.

Ka tsayar da la'adarka gaban shaida kafin ka faɗa wa mai saye sunan ƙauyen. Kyamara kuwa, ranar da la'ada ta tara kuɗinta sai ka saya.