Kwastoma ya ƙi biyan kuɗin gyaran fenti kafin a manna leda: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wurin wankin mota a Kaduna, kwanan nan na fara manna ledar kare fenti da ake kira PPF. Masu motoci suna yarda da kuɗin ledar, amma da na ambaci kuɗin gyaran fenti sai su ce ai wanki ne kawai. In haɗiye wannan kuɗin don kada ciniki ya kuɓuce mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka haɗiye shi. A wannan sana'a ledar ce jarinka, da dala ake sayo ta, ko ta kamfanin XPEL ce ko ta 3M ko ta China. Idan ka manna wa bonet sannan ƙura ko tabon ruwa ya bayyana a ƙarƙashi, dole ka ɓare ka yanko sabuwa, kuma daga aljihunka. Ledar garau take, ba ta rufa wa fenti asiri, duk ƙarzane mai zurfi da ta tarar haka za a riƙa ganinsa shekara da shekaru.

Masu cewa wanki ne kawai ba su ga aikin ba ne, to ka nuna musu. Bayan wanki akwai cire kwalta da ɓurɓushin ƙarfen birki da ke maƙalewa a fenti, a bi da yumɓun goge mota har jikin ya yi sumul, a sa injin folish ya kwantar da ƙananan ƙarzane, a cike inda tsakuwa ta ɓantare. Daga ƙarshe a goge da sifirit, domin ko ɗan kaki ko maiƙo ya rage gam ɗin ledar ba zai kama ba, musamman a bakin ƙofa da lungunan bamba. Motar da ta sha hanya tana iya cin yini guda ko fiye kafin a taɓa ledar. Yaranka za su ci abinci a ranar, janareta zai sha mai. Wa zai biya?

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne motocin Kwatano. Da yawansu daga gwanjon motocin haɗari na Amurka suka fito, an buga, an cike, an fesa sabon fenti. Ka nemi na'urar auna kaurin fenti, kuɗinta bai kai na ledar bonet guda mai kyau ba. Kaurin fentin kamfani yawanci yana tsakanin maikiron 100 zuwa 180 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Idan ka ga ƙofa guda ta haura 300 alhali sauran suna daidai, an sake fesa ta. Irin wannan fentin, in mai fesawar bai iya ba, yana iya biyo ledar lokacin da ka ɗaga ta don daidaitawa, sai mai mota ya ce kai ka lalata. Wadda aka fesa kwanan nan kuwa, ka ce ya dawo bayan aƙalla kwana 30, don fentin yana kan fitar da sinadarinsa, zai tayar da kumfa a ƙarƙashin leda. Zai ji haushi, wataƙila ya tafi wani wurin. Ƙyale shi.

Don haka kada ka yanke farashi ta waya. A kawo motar, a wanke, ku zagaya ta tare da mai ita a cikin haske, ka ɗauki hotuna. Ka rubuta kuɗin gyara daban, na leda daban, ka kuma rubuta sassan da aka sake wa fenti da cewa ba ka ɗauki alhakinsu ba, ya sa hannu. Ka karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin ledar kafin ka sa mata wuƙa. Sabuwar mota fil gyaranta kaɗan ne, sai ka sassauta masa, ya ga ba cuwa-cuwa kake yi ba.

Sai wurin aikin. Lokacin hunturu a Kaduna, manna leda a buɗaɗɗiyar rumfa zubar da kuɗi ne. In ribar farko ta shigo, kafin allon talla ka fara killace ɗaki guda mai ƙofa da fitilu masu haske, ka riƙa jiƙa ƙasan kafin aiki. Ruwan burtsatse ma yakan bar farin tabo, ka tanadi tataccen ruwa don feshin da ake yi a ƙarƙashin ledar.